Baƙo ya ce an sace masa agogo, ni kuma na sa ta zazzage jakarta

Assalamu alaikum Anti. Wata huɗu ke nan da aka ba ni shugabancin masu gyaran ɗaki a otal ɗin da nake aiki, bayan na shekara shida ina shara da goge-goge kamar kowa. Mata tara da maza biyu ne a ƙarƙashina. Makon jiya wani baƙo ya fito baranda yana ta faɗa, wai ya bar agogonsa a gefen gado, ya dawo bai gan shi ba. Wadda ta gyara ɗakin dattijuwa ce, Iya muke ce mata, ita ta koya mini shimfiɗa gado lokacin da na zo. Manaja ya ja ni gefe ya ce in yi duk abin da zai kwantar wa baƙon hankali. Sai na sa ta zazzage jakarta a gabansa da gaban sauran baƙin da suka leƙo, na kuma ce ta ba shi haƙuri. Ba a ga komai ba. Washegari mai wanki ya tsinci agogon a naɗe cikin zanin gado. Baƙon ya karɓi abinsa ya tafi, ko kallonta bai yi ba. Tun ranar duk abin da na ce mata sai ta ce "to". Rigima kuma ba ta ƙarewa: wannan baƙon ya ce an tashe shi daga barci, wancan ya ce an taɓa masa takardu, wata yarinya a cikin ma'aikatan ta ce akwai ɗakin da ba za ta ƙara shiga ita kaɗai ba, ta ƙi faɗin dalili. Manaja cewa yake baƙo ba ya laifi. Ni ce a tsakiya. Yaya zan yi?

Mai neman mafita

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba zan ɓoye miki ba, kin yi kuskure, kuma na san kin sani, shi ya sa kika fara wasiƙar da labarin Iya. Manaja ya ce ki kwantar wa baƙo hankali. Bai ce a zazzage jaka a baranda ba. Wannan dabararki ce, ta fito ne daga ruɗewa irin ta wanda bai daɗe da hawa kujera ba, ga mutum yana ihu, ga idanu sun yi caa. Ban ce ki zauna kina cizon yatsa ba, amma sai kin ɗauki laifin a matsayin naki kafin ki iya gyara shi.

Abu biyu kika haɗa a wuri ɗaya ranar nan: lallashin baƙo da yanke hukunci. Lallashi haƙƙin baƙo ne nan take, ko da daga baya za a gane shi ya ɓatar da kayansa. Mutum ne da ya biya kuɗi don ya kwana a wurin da bai san kowa ba, ya bar kayansa a ɗakin da wasu ke da makullinsa. In abu ya ɓace dole hankalinsa ya tashi. Hukunci kuwa ba ya son gaggawa, sai an bincika. Kuma duk abin da za a ba baƙo don ya huce, daga aljihun otal zai fito: a saurare shi, a sauya masa ɗaki, a rage masa kuɗi, manaja ya sauko da kansa. Ke kuwa da mutuncin Iya kika biya shi, alhali ba naki ba ne balle ki bayar.

Don haka daga wurinta za ki fara. Ki same ta ku biyu tukuna, ba a tsaye a bakin sito tana ɗauke da kayan wanki ba. Ki ce, "Iya, abin da na yi miki ranar nan ban kyauta ba. Na ji tsoro ne na bar ki a rana. Ki yafe mini." Kada ki sako sunan manaja, kada ki ce "ai kin san yadda aikin yake". Da zarar an soka "amma" a cikin ban haƙuri ya lalace. Sannan washegari da safe, lokacin da kowa ya taru karɓar takardar ɗakuna, ki maimaita a gabansu, tunda a gaban mutane aka kunyata ta. Ki faɗi inda aka ga agogon, ki ce Iya ba ta ɗauki komai ba, ki ce ba za a sake buɗe jakar kowa a baranda ba muddin kina wurin. Ki kuma duba littafin rahoto: in an rubuta cewa an zarge ta, a rubuta a ƙasa cewa an ga agogon a ɗakin wanki, da rana da sa hannu. Irin wannan rubutu ne ke tashi bayan shekara biyu ya hana mutum ƙarin girma, lokacin da duk wanda ya san gaskiyar ya bar wurin.

Wani zai ce ai ita ta naɗe zanin da agogon a ciki. Haka ne, kuma akwai darasi: ana kakkaɓe zani da rigar filo ɗaya bayan ɗaya kafin a dunƙule su. Sai dai ba ranar ban haƙuri ake faɗin wannan ba. Ki bari sai an kwana biyu, ki faɗa wa kowa a matsayin dokar aiki.

Yanzu ga abin da za ki yi in an sake, don za a sake. Babu otal ɗin da ba a cigiyar kaya.

Farko ki raba su. Ki ce wa ma'aikaciyar ta sauka ofis ta jira ki, da murya irin ta kullum, ba irin ta wanda ya kama ɓarawo ba. Shi kuma baƙon ki shigar da shi ɗaki ko wani wuri da zai zauna. Mai faɗa a baranda yana yi ne da 'yan kallo, in ya zauna ƙofa a rufe rabin wutar ta mutu. Ki fito da biro da takarda a gabansa: mene ne ya ɓace, yaya kamarsa, yaushe ya gan shi na ƙarshe, wa ya shigo wurinsa, ina ya je yau. Rubutun nan kaɗai yana kwantar da hankali, don ya ga an ɗauki maganarsa da nauyi. Kalma biyu kada su fito daga bakinki. Kada ki ce "ma'aikatanmu ba sa sata", don kin ce masa maƙaryaci ke nan. Kada kuma ki ce "za mu hukunta ta", don kin yanke hukunci ba ki ji ta bakinta ba. Abin da za ki ce shi ne, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da wannan damuwa, yanzu za mu fara nema, zan dawo maka da bayani nan da awa ɗaya." Kuma ki dawo a awa ɗayan, ko ba ki samo komai ba.

Kafin komai ki aika a dakatar da buhunan wanki da na shara na wannan hawa. Da an yi haka ranar nan, da an ga agogon kafin la'asar. Sannan a duba ɗakin tare da baƙon da wani mai tsaro: tsakanin katifa da allon gado, ƙarƙashin gado, aljihun rigar wanka, lungun kujera, can ƙuryar akwatin ajiya inda ido ba ya kaiwa sai an sa hannu. Da ladabi ki roƙe shi ya duba aljihunan jakarsa da kansa. Lokacin da nake wannan aikin, wata baƙuwa ta rantse an ɗauke mata zobe. Mun birkice ɗakin kaf, sai wata ma'aikaciya ta tuna ta ga tishu a dunƙule a bakin madubi ta jefa a kwando. Muka zazzage buhun shara a kan tsohon zani, muna buɗe tishu ɗaya bayan ɗaya da safar hannu. A na goma sha wani abu zoben ya faɗo ya yi ƙara a kan tayil. Matar ce ta naɗe shi da hannunta kafin ta shiga wanka.

In ƙofofinku na kati ne, makullin yana ajiye tarihin katin da ya buɗe shi da lokacin da aka buɗe, kuma ana iya karanta shi. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, har cikin ma'aikata. Sai dai ki san iyakarsa: yana nuna wanda ya buɗe daga waje, ba ya nuna wanda ya kutsa lokacin da ƙofa take a tokare ana aiki. Nan ne kyamarar baranda ke amfani. Shi ya sa kuma dokar nan take da muhimmanci, cewa mai gyaran ɗaki ba ya buɗe wa kowa ƙofa da katinsa, kuma in wani ya shigo ana cikin aiki ya ce ɗakinsa ne, a roƙe shi ya gwada katinsa a ƙofar. Ɓarayin otal sun daɗe da sanin wannan dabara, kuma laifinsu a kan mai shara yake faɗawa.

Maganar binciken jaka kuwa, in har za a yi, sai ya kasance yana cikin ƙa'idar aiki a rubuce, a yi shi a ɗaki a rufe, da yardar mai jakar, da shaida, mace ta duba mace, kuma baƙo ba ya wurin. In abin ya fi haka, aikin 'yan sanda ne, baƙon yana da damar kai ƙara. Ki kuma yi hattara da al'adar nan ta cire kuɗin kayan baƙo daga albashin ma'aikaci. Yarjejeniya mai lamba 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1949, ta ce ba a yankar albashi sai bisa sharuɗɗan da doka ko yarjejeniyar ma'aikata ta tanada. A dokokin ƙasashe da dama, alhakin kayan baƙo a wuyan mai otal yake. A Faransa, alal misali, doka ta ɗora masa biyan abin da aka sace a ɗaki har zuwa ninki 100 na kuɗin kwana ɗaya. Ki nemi sanin abin da dokar inda kike ta ce, ki riƙe shi a ka.

Ba ina cewa ma'aikata ba sa sata ba ne. Ana yi, na gani da idona. Amma tsarin da ya wanke mai gaskiya shi ne ke kama mai hali: in kina rubuta kowace cigiya da lambar ɗaki da sunan wanda ya gyara, bayan wata shida littafin zai yi magana da kansa.

Rigimar tashin baƙo daga barci ba ta da wuyar magani, yawancinta laifin rashin isar da saƙo ne. Mai karɓar baƙi ya san wane ne ya iso ƙarfe uku na dare, ya san wanda ya nemi a ƙara masa lokacin fita, amma maganar ba ta hau bene ba. Ki shirya da su su riƙa tambayar baƙo tun wurin rajista lokacin da yake so a gyara masa ɗaki, a rubuta a takardar da kike rabawa da safe. Ƙwanƙwasawa sau uku, da tazara, ana faɗin ko wane ne, kafin a murɗa ƙofa. Ɗakin da aka rataya alamar "kada a dame ni" ba a ƙwanƙwasa shi, a tura takarda ta ƙarƙashin ƙofa da lambar da zai kira. In alamar ta wuce yini da kwana, magana ta bar hannun mai shara ta koma ta manaja da masu tsaro. Manyan kamfanoni sun tsaurara wannan bayan harbin birnin Las Vegas na Amurka na ranar 1 ga Oktoban 2017, inda maharin ya tara makamai a ɗakinsa na otal a hawa na 32. Hilton ya umarci ma'aikata su sanar da shugabanni in alamar ta haura awa 24, Disney kuma ya sauya rubutun alamar a wasu otal-otal ɗinsa. Amfanin wannan gare ki shi ne, in baƙo ya yi fushi, dokar gida ce za ki nuna masa, ba ra'ayin wata ma'aikaciya ba.

Takardu kuma dokarsu gajera ce. Abin da ba a cikin kwando yake ba, ba shara ba ne, ko da guntun rasit ne. A ɗaga, a goge, a mayar inda yake. In tebur ya cika da takardu ko kuɗi a fili, a bar teburin, a kira ki ki gani.

Ga wani abu da ba ki tambaya ba, amma ina zargin shi ne uwar rigimar. Ɗaki nawa kowace take gyarawa a yini? Yi lissafi. Awa 8 minti 480 ne. In kin ba mutum ɗaki 16, kowane ɗaki minti 30 ke nan, ba a cire hutu ba, ba a cire jiran lif da ɗauko tawul daga sito ba. Ɗakin da baƙo ya sallama ya fi wanda ake ci gaba da zama cin lokaci nesa ba kusa ba, balle wanda aka yi kwanaki ba a shiga ba. Wadda ake bi da agogo ita ce ke dunƙule zani ba ta kakkaɓe ba, ita ce ke ƙwanƙwasa ƙofa ƙarfe takwas don ta rage aiki. Sai baƙo ya yi faɗa, a hau ta da tsawa, an bar jaki ana dukan taiki. Wannan kuka ne na masu wannan sana'a a ko'ina. A Sifaniya sun kafa ƙungiya mai suna Las Kellys a kan yawan ɗakuna da ba da aikinsu ga 'yan kwangila. A birnin Paris, matan da ke gyaran ɗaki a otal ɗin Ibis Batignolles sun yi wata 22 suna gwagwarmaya, daga Yulin 2019 zuwa Mayun 2021, har aka ƙara musu albashi aka rage ɗakunan da ake ɗora musu. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Rachel Keke, haifaffiyar Kwaddibuwa, ta zama 'yar majalisar dokokin Faransa a 2022. Ban ce ki kira yajin aiki ba. Cewa nake rabon ɗakuna yana hannunki, ki daina ƙidaya su kamar duk ɗaya suke, kuma ɗakin baƙo mai zafi ya riƙa zagayawa, kada ya zama na wadda ba ta iya musu ba.

Na bar maganar yarinyar nan zuwa yanzu ne don ita ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki, kuma kin sako ta a ƙarshen jimla kamar ƙaramin abu. Ruwa ba ya tsami banza. Mace ba ta cewa ba za ta shiga ɗaki ita kaɗai ba, ta kuma ƙi faɗin dalili, sai an yi mata wani abu ko an nuna mata wani abu. Shirunta ma da dalili: ta ga abin da ya sami Iya da baƙo ya yi magana. Yau ɗin nan ki cire ta daga wannan ɗakin ba tare da kin nemi hujja ba. Ki sa mutum biyu, ko namiji, ko a gyara sai baƙon ya fita. Bayan haka ki same ta a keɓe ki ce, "Ba sai kin faɗa mini yanzu ba. Duk ranar da kika shirya ina nan, kuma ba za ki rasa aikinki a kan wannan ba." In ta faɗa, ki rubuta da kalmominta, ki kai sama, kada ki tambaye ta me ta sa ko me ta ce masa.

Duniya ta daɗe tana kau da kai daga wannan, sai a Mayun 2011 da wata mai gyaran ɗaki 'yar asalin Gini ta zargi shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya na lokacin, Dominique Strauss-Kahn, da cin zarafinta a wani otal a New York. Masu gabatar da ƙara sun janye tuhumar a Agustan shekarar, ƙarar neman diyya kuma aka sasanta ta a ƙarshen 2012, amma maganar ta riga ta fito fili. Daga baya birnin Chicago ya wajabta ba ma'aikatan da ke shiga ɗaki su kaɗai wata 'yar na'ura da za su danna don neman ɗauki, daga Yulin 2018, jihar New Jersey ta bi sahu a 2019 ga otal masu ɗaki 100 zuwa sama. A 2019 ɗin ne Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 190 a kan cin zarafi a wurin aiki, kuma ta haɗa da wanda ke zuwa daga abokan ciniki. Ko ba ku da na'urar, akwai abin da ba ya cin ko sisi: kowa ya san cewa in baƙo ya fito ba sutura, ko ya rufe ƙofa, ko ya fara maganar banza, ma'aikaciya ta ajiye abin da ke hannunta ta fita, ba sai ta nemi izini ba, kuma ba za a tambaye ta don me ba ta gama ɗakin ba. Ke za ki faɗa musu wannan da bakinki.

Saura manaja. Kada ki je masa da wa'azi, ba zai saurara ba. "Baƙo ba ya laifi" take ne na 'yan kasuwa, an ƙirƙire shi don a koya wa ma'aikaci ladabi, kuma a nan yana da amfani. Ki bar masa takensa. Ki je da takarda shafi ɗaya: ga matakan da za a bi in an yi cigiya, ga na cin zarafi, ga wanda za a kira. Ki nuna masa da harshen da yake ji. In Iya ta ajiye aiki, wata nawa za a yi kafin sabuwa ta kai saurinta? In da wani ya ɗauki bidiyon barandar nan ya sa a intanet, sunan wa zai ɓaci? In ma'aikaciya ta kai ƙarar ɓata suna, wa zai tsaya a gaban alƙali? Sannan ki nemi abu biyu takamaimai: izinin sauya wa baƙo ɗaki ko ma'aikaci ba sai kin jira shi ba, da alkawarin cewa shi zai fuskanci baƙon da ya zagi ma'aikaci. Mai albashi mafi ƙanƙanta a gidan bai kamata ya zama shi ke tare zafi mafi girma ba. In ya sa hannu, ki manna takardar a sito inda kowa zai gani. In ya ƙi, ki aiwatar da abin da ke cikin ikonki, yana da yawa, ki kuma riƙa ajiye kwafin duk rahoton da kika kai masa.

Game da Iya kuma, kada ki sa ran za ta saki fuska a ranar. Wataƙila ta saurare ki har ƙarshe ta ce "to", ta ɗauki bokitinta. Ki ƙyale ta, kada ki bi ta da "ai na ba ki haƙuri". Ba bakinki take kallo ba, jira take wani baƙon ya fito baranda yana faɗa, ta ga inda za ki tsaya.